Danna, taɓa ko zaɓi: wace kalmar aikatau ta dace da umarnin manhaja?

Marubuciyar jagora

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna rubuta bayanin yadda ake amfani da manhaja, ko suke mayar da shi Hausa. An ba ni aikin rubuta jagorar wata manhaja ta ƙungiyar adashi da ba da rance, wadda mambobi ke duba abin da suka zuba a cikinta su kuma nemi bashi, sakatare kuma ya riƙa shigar da lissafi. Manhajar tana da fuska uku. Sakatare yana aiki a kwamfuta da linzami, yawancin mambobi suna shiga ta babbar waya, sannan akwai masu ƙaramar waya da ke bi ta lambar USSD, wato lambar da ake kira jerin abubuwa ya fito a allo. Shugabannin ƙungiyar kuma jagora ɗaya suke so, ba uku ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne kalmomin aikatau. A daftarin da na tarar, wani wuri an ce “danna”, wani wuri “latsa”, wani wuri “taɓa”, alhali duk abu ɗaya ake nufi. Shin akwai kalma ɗaya da za ta wadatar a na'urorin nan uku, ko sai na raba? Na biyu, da wa zan yi magana, “ka”, “ki” ko “ku”, tunda mata sun fi yawa a ƙungiyar amma sakataren namiji ne? Na uku, wadda ta fi damuna: share, goge, cire, soke da fasa, wace ce za ta tsaya a ina? Manhaja ce ta kuɗin mutane, ba na son wata ta ɓatar da lissafinta saboda kalmar da na zaɓa. Allah ya saka da alheri.

Malamin kwamfuta

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta farko tsohuwar matsala ce ga masu rubutu da Turanci, kuma sanin inda ta samo asali zai taimaka. Tun da Apple ya fito da Macintosh a 1984 linzami ya shiga hannun talakawan masu kwamfuta, sai kalmar “click” ta mamaye duk wani umarni, kalmar da asalinta kwaikwayon ƙarar maɓallin linzamin ce. Da iPhone ta zo a 2007, allon da ake taɓawa da yatsa ya yaɗu, sai ya zama babu linzami babu ƙara, aka koma “tap”. Windows 8 ta 2012 ta cakuɗa lamarin, domin manhaja ɗaya tana iya kasancewa a hannun mai linzami da mai yatsa a lokaci guda.

Manyan kamfanoni ba su bi hanya ɗaya ba wajen warware wannan. Jagoran salon rubutu na Microsoft, wanda aka sabunta aka sa a intanet a 2018, ya umarci marubutansa su yi amfani da kalmomin da ba su jingina da wata na'ura ba, musamman “select”, su guji ambaton linzami ko yatsa sai inda ya zama dole. Na Google da aka tanadar wa masu rubuta bayanan fasaha ya rarraba su: kalma ɗaya ga linzami, ɗaya ga allon taɓawa, ɗaya ga maɓallan kibod. Apple kuma yana bambanta ɗaukar umarni daga jerin umarnai da haska wani abu domin a yi aiki a kansa, kowanne da kalmarsa.

Tunda jagora ɗaya kike rubutawa ga na'urori uku, hanyar Microsoft ce ta fi kusa da buƙatarki. Ina ganin ki tsaya a kan “zaɓi” ko'ina, ki huta. Abu mafi muhimmanci dai shi ne kada ki riƙa sauya kalma don gudun maimaici, kamar yadda aka koya mana a darasin insha'i. Mai karanta umarni idan ya ga kalma ta canza, zai ɗauka aikin ne ya canza.

Tsohon mai fassara

Malam ya kawo tarihin daidai, kuma na yarda da jimlarsa ta ƙarshe ɗari bisa ɗari. Amma ban goyi bayan “zaɓi” ba, domin maganin ciwon da Hausa ba ta da shi ne. Turanci ya shiga matsala ne saboda kalmarsa ta manne da linzami. “Danna” ba ta manne da komai ba. Muna danna maɓallin rediyo, muna danna lambobin ƙaramar waya, muna danna linzami, kuma duk wanda ya riƙe babbar waya ya san abin da ake nufi idan an ce ya danna hoton nan. Kalmar da Microsoft ke nema da fitila, mu a hannunmu take tun kafin kwamfuta ta iso.

“Zaɓi” kuwa tana da nata aiki, kuma a kunnen Bahaushe tana buƙatar abubuwa biyu ko fiye da za a ɗauki ɗaya daga ciki. Idan allo ya nuna watanni goma sha biyu aka ce a zaɓi wata, magana ta zauna. Idan kuwa maɓalli ɗaya tak ne a ƙasan shafi aka ce a zaɓe shi, mai karatu zai tsaya yana neman sauran da zai zaɓa a ciki. Sannan kalmar tana da wahalar nahawu. Tana cikin rukunin aikatau da ke sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo baya, wanda masanin Hausa F. W. Parsons ya kira giredi na biyu a tsarin da ya fitar a 1960: “zaɓi wata”, amma “zaɓe shi”, kuma “abin da aka zaɓa”. Masu haɗa manhaja suna son ajiye kalma sau ɗaya su riƙa liƙa mata suna ko wakilin suna a gaba, kuma da irin wannan aikatau hakan na haifar da jimla gurguwa. Haka ma “shigar”, wadda dole “da” ta biyo ta kafin karɓau. “Shigar da lamba” umarni ne, amma “shigar lamba” ya koma suna, ba ya umartar kowa.

Tsakanin “danna” da “latsa” babu wani faɗa. Kafafen labarai na Hausa a intanet sun saba da “latsa nan”, mutane kuma sun gane. Ni dai “latsa” tana kawo mini hoton abu mai laushi da yatsa ke nutsewa a ciki, shi ya sa na fi son “danna”, amma wannan ɗanɗano ne kawai. Ki ɗauki ɗaya, ki sallami ɗayar daga jagorar baki ɗaya.

Inda Hausa take da nata ciwon shi ne tambayarki ta uku, kuma nan ya kamata ki kashe lokacinki.

Ki fara da raba kanki da “share”. Kalma ce mai kyau a baki, amma a rubuce harufanta ɗaya ne da kalmar Turancin nan da ke kan kusan kowace manhaja, wadda ke nufin tura wa wasu abu su gani. Mambobinki suna ganin waccan kullum a WhatsApp da Facebook, wayoyin da yawansu kuma da Turanci aka saita su. Idan jagora ta ce “Share saƙon”, wata za ta fahimci a kawar da shi, wata kuma za ta fahimci a yaɗa shi, kuma duk kuskuren biyu ba su da gyara: wadda ta so turawa ta rasa saƙonta, wadda ta so kawarwa ta aika bayanin bashinta zauren dangi. “Goge” ba ta da wannan tagwaitaka, don haka ita ce za ta tsaya duk inda abu zai tafi ba dawowa.

“Cire” kuma ki keɓe ta ga abin da aka fitar daga wani wuri amma yana nan da ransa. Sakatare zai cire mamba daga rukunin adashin wannan zagaye, sunanta da tarihin zubinta suna nan. Ranar da ya goge ta kuwa, babu sauran komai. Idan masu haɗa manhajar sun sa maɓalli ɗaya yana yin duka biyun, to ba kalma ce matsalarki ba, su za ki koma wa.

“Soke” da “fasa” lokaci ne ya raba su. Ana fasa abin da ba a riga an yi ba, kamar tafiya, ana soke abin da ya riga ya tabbata, kamar buƙatar rance da aka tura. Wasu suna gudun “fasa” saboda rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, sai ta yi kama da fasa ƙwai ko tulu, amma ban taɓa ganin wanda ya ruɗe da ita a kan maɓalli ba. Inda ake ruɗewa shi ne akwatin tabbatarwa. A ce mamba ta nemi janye buƙatarta, sai allo ya tambaye ta, “A soke buƙatar rance?”, a ƙasa kuma ga maɓalli biyu, ɗaya “To”, ɗaya “Soke”. Wanne za ta danna? Wanda ya fassara yana nufin na biyun ya rufe akwatin ne, ita kuwa ta ga kalmar da take nema. Gyaran shi ne kowane maɓalli ya faɗi abin da zai faru: “Soke buƙatar” da “Bar ta”.

Akwai wasu biyu da ba ki ambata ba, waɗanda manhajar kuɗi ke mayarwa tarko. “Ajiye” ita ce aka saba sa wa maɓallin da ke hana rubutu ɓacewa, amma a ƙungiyar adashi ajiya kuɗi ce, kuma mace za ta iya danna “Ajiye” ta tafi da yaƙinin zubinta ya shiga. Ki ba bayanai “adana”, ki ba kuɗi “zuba”, yadda su kansu suke faɗa. “Kashe” ma haka: tana da kyau ga sanarwa ko ƙara, kishiyar “kunna”, amma kada ta kusanci asusu, domin a nan kashewa ɓatar da kuɗi ne.

Mai gwajin manhaja

Ina so in ƙara wani dalili a kan “taɓa”, daga ɓangaren masu larurar gani, domin gwada manhaja da na'urar karanta allo, wadda ke karanta wa mutum abin da ke allo da murya, na cikin aikina. A wayar Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver tun 2009, a kwamfuta kuma da yawa suna amfani da NVDA saboda kyauta ce. Idan an kunna TalkBack ko VoiceOver, taɓa abu sau ɗaya ba ya buɗe shi, sai dai wayar ta karanta sunansa, kuma sai an bugi allon sau biyu a jere aikin yake gudana. Saboda haka “taɓa sau ɗaya” umarni ne da ba gaskiya ba ga wannan mutum. “Danna Aika” kuwa ya isa, domin shi ya san yadda ake dannawa a tasa wayar.

Daga nan ne nake ganin duk inda za a iya ambaton abin da ake son cimmawa, ya fi a ambaci motsin yatsa. “Buɗe shafin rance” ya fi “danna hoton jaka sau biyu”, “koma shafin farko” ya fi “shafa allo zuwa dama”. Motsin yatsa yana canzawa daga waya zuwa waya, buɗewa da komawa ba sa canzawa.

Kuma a kiyayi kwatance da launi ko wuri kaɗai. Ƙa'idojin WCAG 2.0 na sauƙaƙa wa masu larura amfani da intanet, da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar a 2008, sun hana umarni ya dogara kacokan a kan siffa, girma ko inda abu yake a allo, sun kuma hana launi ya zama shi kaɗai ke isar da bayani. “Maɓallin da ke hannun dama” a kwamfutar sakatare yakan sauko ƙasa a waya saboda ƙarancin fili. A Hausa ma akwai ƙarin dalili, domin “ja” launi ne kuma aiki ne, sai a rubuta “danna ja” a bar mai karatu yana tunanin ko dannawa zai yi ya ja. A kira maɓalli da sunan da ke rubuce a jikinsa, harafi da harafi. Idan har yanzu Turanci ne a jikinsa, a kawo shi da Turancin a jagora, a bayyana aikinsa da Hausa a jimla ta gaba, kada a fassara abin da mai karatu ba zai gani a allo ba.

Tsohon mai fassara

Na tsallake tambaya ta biyu, ga ta. Mutane da yawa suna zaton umarni tsura, irin “danna”, ya raba gardamar jinsi, kuma haka ne muddin aikatau ɗaya ne a jimlar. Da zarar na biyu ya shigo, Hausa tana neman wakilin suna: “danna ka riƙe”, “buɗe ki duba”. Haka ma hani, ba a cewa “kada goge”, sai “kada ka goge” ko “kada ki goge”. Masu gudun wannan su ne suke rubuta “danna sannan riƙe”, wanda babu Bahaushen da ke faɗa. Rubuta “ka/ki” a kowane layi kuma yana mayar da jagora tamkar fom ɗin asibiti, kuma na'urar karanta allo za ta riƙa tuntuɓe da sandar tsakiyar.

Saura “ku” da “a”. “Ku” tana da ladabi, kuma gidajen rediyo sun saba da ita. Amma a manhajar ƙungiya tana iya ruɗarwa, domin “ku zuba kuɗinku” na iya zama magana da mamba ɗaya ko da rukunin duka. Ni “a” nake bi: “A danna Aika, a jira saƙon tabbaci, kada a rufe shafin.” Salon girke-girke ne da takardar magani, kowa ya saba da shi, babu wanda aka ware, kuma dattijuwa ba za ta ji yarinya na ba ta umarni ba.

Wannan a cikin jagora ke nan. A jikin maɓalli kuwa umarni tsura ya dace, “Aika”, “Goge”, “Adana”, domin a can ba ke ce ke magana da mamba ba, mamba ce ke umartar na'ura.

Marubuciyar jagora

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na tsaya a kan “danna” ga maɓalli, “zaɓi” ga jerin abubuwa, da salon “a”. Batun “ajiye” kuma zan kai wa masu haɗa manhajar, domin a jikin maɓallin yake, ba a jagora kaɗai ba. Saura ƙaramar waya. A USSD mutum yana kiran lamba, jerin abubuwa ya fito, ya sa 1 ko 2. Shin “buga” zan ce, ko “danna”, ko “shigar da”? Malam mai fassara, “danna” ɗin taka za ta kai har nan?

Malamin kwamfuta

Kafin Malam ya dawo, bari in amsa, kuma na karɓi gyaransa a kan “zaɓi”, ko da yake har yanzu ina ganin tana da amfani ga wanda ke sarrafa kwamfuta da murya ko da kibod kaɗai.

A USSD “danna” ba ta isa ita kaɗai ba, domin matakin biyu ne. Mutum yana sa lambar, sannan dole ya tura ta, kuma wanda aka ce wa “danna 1” yakan danna ya zauna yana jira har zaman ya yanke, tunda layin ba ya daɗewa a buɗe. Ki rubuta “a rubuta 1, a tura”. “Buga” kuma ki bar ta ga kiran farko kawai, wato lambar da ke farawa da tauraro ta ƙare da alamar #, tunda buga waya kowa ya sani. Kada ki bari ta yaɗu, domin kalma ce mai ɗaukar kaya da yawa: ana buga waya, ana buga rubutu a kibod, ana buga takarda a firinta. Idan sakatare ya ga “buga lissafin”, ba zai san ko rubutawa ake so ko fitarwa a takarda ba.

Akwai kuma iyakar fasaha da za ta shafi zaɓinki. Saƙon USSD ɗaya ba ya wuce harafi 182, kuma jerin harufan GSM da ƙananan wayoyi suka dogara da shi ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Idan aka sa ko guda ɗaya daga cikinsu, sai an koma wani tsarin da ke cin fili fiye da ninki biyu, abin da ke rage saƙon tes daga harafi 160 zuwa 70, wasu wayoyin kuma akwati kawai za su nuna a gurbin harafin. Shi ya sa masu haɗa irin waɗannan manhajoji suke zubar da lanƙwasar. “Zabi” da “bude” ana gane su ko babu lanƙwasa, amma “taɓa” za ta koma “taba”. Danna, tura, aika, goge, cire, soke, fasa, zuba da adana duk babu mai lanƙwasa a cikinsu, don haka za su fito a ƙaramar waya yadda kika rubuta su a jagora. Ki nemi masu haɗa manhajar su ba ki rubutun allon USSD ɗin kamar yadda yake fita a waya, ki jera shi kusa da daftarinki kafin ki kai a buga.